Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Tarihin Tallafin Waje da Ƙungiyoyin Jama'a

 

Ranar 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a takardar dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. Zuwa farkon watan Yuli hukumar USAID, wadda aka kafa tun 1961, ta rufe ƙofa, aka miƙa ragowar ayyukanta ga ma'aikatar harkokin wajen Amurka. A nan Najeriya ƙungiyoyi da yawa da suka dogara da kuɗinta sun sallami ma'aikata, wasu sun kulle ofis, har sai da majalisar tarayya ta ware dala miliyan 200 a kasafin kuɗi don toshe giɓin da aka bari a fannin lafiya.

To amma a unguwarmu adashin mata bai tsaya ba. Karo-karon da ake yi idan an yi rasuwa bai tsaya ba. 'Yan canji da mahauta da masu kayan gwari suna nan suna zamansu kamar jiya. Me ya sa wata ƙungiya take mutuwa ranar da kuɗin waje ya yanke, wata kuma ko gezau? Masana kimiyyar siyasa sun daɗe suna bincike a kan wannan tambaya, kuma wani yanki mai muhimmanci na binciken a garin nan aka yi shi, wani ma a cikin lungunan Sabo. Ya kamata mu san abin da suka gano, domin yanzu matasanmu suna ta yin rajistar ƙungiyoyi da fatan wata rana Bature zai turo dala.

Yadda Sabo ta tsaya da ƙafarta

Kakanninmu sun riga Sabo zuwa Ibadan. Da can a gidajen Yarbawa suke sauka, a warwatse cikin gari. A 1916 aka ware musu wannan wuri, bayan ƙorafe-ƙorafen sata da aka riƙa jingina wa baƙi, aka ce Hausawa su zauna wuri guda ƙarƙashin sarkinsu, shi zai san mai shiga da mai fita. Da zargi aka fara, amma Allah Ya juya abin ya zama alheri.

A 1962 wani masani mai suna Abner Cohen, haifaffen Bagadaza da ke aiki a Ingila, ya zo ya yi fiye da shekara guda yana nazarin zaman Sabo. Littafinsa ya fito a 1969, kuma har gobe ana karantar da shi a jami'o'in duniya. Ya ƙirga mutanen unguwar ya samu sun ɗan haura 4,000. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne cinikin shanu. Ya rubuta cewa kusan shanu 75,000 ake sayarwa a kasuwar Ibadan kowace shekara, kusan duka a kan bashi, kuma bashin da ke yawo a kasuwar yakan kai fam 100,000. Babu takardar da ake sa wa hannu, babu banki, babu zuwa kotu.

Ta yaya haka ta yiwu? Dattawanmu sun sani ba sai an karanta musu ba. Falke ya taso da shanunsa daga Arewa, ya sauka gidan mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa, dillali ya sayar wa mahaucin Bayarabe bashi, mai gida ya tsaya lamuni. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai cika daga aljihunsa, sannan labari ya zaga, babu mai sake ba wannan mahaucin ko ɗan maraƙi. In kuma mai gida ne ya ci amana, kafin wata ya zagayo labarinsa ya kai Kano, baƙinsa sun koma gidan wani. Haka cinikin goro yake tafiya ta ɗaya ɓangaren, huhu na hawa Arewa, kuɗi na sauka Kudu. Mai gida yana da gidaje a unguwa, yana da iyali, yana sallah a sahu ɗaya da mutanen da ke bin sa kuɗi. Ba shi da wurin gudu.

Cohen ya kuma ba da labarin shekarun 1951 da 1952, lokacin da mulkin Turawa ya fara janyewa, ikon da suka jingina wa Sarkin Sabo ya fara raguwa, jam'iyyun siyasa suka shigo. A wannan lokacin ne mafi yawan mutanen unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, aka kuma fara sallar Juma'a a Sabo maimakon tafiya babban masallacin gari. Shi Cohen ya fassara wannan da cewa hanya ce ta sake ɗinke al'umma don kare kasuwancinta. Mu mun san iyayenmu don Allah suka yi, kuma Shi ne masanin zukata. Amma akwai gaskiya guda a maganarsa da ba za mu musa ba: da gwamnati ta janye hannu, mutanen Sabo ba su zauna jiran wani ba. Suka gina abin da zai riƙe su da kuɗinsu da lokacinsu.

Kada mu yi wa zamanin da ado fiye da kima. Masu gida ƙalilan ne ke riƙe da gidaje da jari, talaka da mace ba su da babbar murya a majalisa, kuma rigingimun sarauta sun sha raba kan unguwa. Sai dai duk da haka, wanda ke shugabanci ya san a hannun wa abincinsa yake.

Jama'a biyu na Farfesa Ekeh

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan ba. Musulmin Yarbawa sun kafa Ansar-ud-Deen a Legas a 1923, suka riƙa gina makarantu da gudummawar mambobi don 'ya'yansu su yi boko ba tare da sun bar addini ba. Inyamurai da Urhobo da Ibibio duk suna da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, suna tara kuɗi su tura yaro karatu har Ingila. Jam'iyyar Mutanen Arewa ma ƙungiyar al'adu ce kafin ta koma jam'iyyar siyasa a 1951.

A 1975 Farfesa Peter Ekeh, wanda ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ibadan, ya wallafa wata maƙala da ta yi suna ƙwarai. A taƙaice ya ce mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka jama'a iri biyu. Akwai jama'ar asali, wato dangi da gari da ƙabila, inda mutum ke jin kunya, yake bayarwa ba ya jiran a biya shi. Akwai kuma jama'ar hukuma, wato gwamnati da ma'aikatu da duk abin da Bature ya kafa, inda mutum ke ganin dukiyar ba ta kowa ba ce, a ci a sha. Mutum ɗaya ne zai wawure kuɗin ma'aikata da safe, da yamma kuma ya riƙe asusun ƙungiyar garinsu ko kwabo ba zai ɓata ba.

Ku riƙe wannan magana, domin ita ce mabuɗin abin da zai biyo baya. Tambayar da za mu yi wa kowane kuɗi da ya shigo ƙungiya ita ce: a wane aljihu mutane suka sa shi a zuciyarsu? Na amana, ko na ganima?

Kuɗin da ya fara zuwa daga Gabas

In ana maganar tallafin waje hankali yakan tafi Amurka da Ingila, amma mu Musulmi mun fara ganinsa ne daga ƙasashen Larabawa. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, a shekarar kuma aka kafa Rabiɗa a Makka, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zama mataimakin shugaba. Ya samo gudummawa daga Saudiyya da Kuwaiti don ayyukan addini. Bayan farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kuɗin ya ƙaru: masallatai, makarantu, littattafai, rijiyoyi, guraben karatu a Madina da sauran wurare. Al'umma ta amfana, Allah Ya saka wa masu bayarwa.

Amma duk wanda ya daɗe a harkar masallaci ya san bambancin masallacin da jama'a suka gina bulo-bulo da wanda aka gina musu dare ɗaya. Na farko in rufi ya yi yoyo, kafin la'asar an tara kuɗin kwano. Na biyu sai a ce a rubuta wa waɗanda suka gina. Kun ga ashe matsalar ba ta addinin mai bayarwa ba ce.

Zamanin soja da haihuwar NGO

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP. Naira ta faɗi, asibitin gwamnati ya koma wurin rubuta magani kawai, makarantu suka lalace. A daidai lokacin kuma masu ba da tallafi na Yamma suka fara cewa gwamnatocin Afirka rariya ne, duk abin da aka zuba zai zube. Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 1989 yana cewa asalin ciwon Afirka rashin kyakkyawan shugabanci ne. A shekarar katangar Balin ta faɗi, yaƙin cacar baka ya zo ƙarshe, sai Yamma ta daina jin dole ta lallaɓa kowane soja mai mulki. Aka ce to, a riƙa bai wa ƙungiyoyin farar hula kuɗin kai tsaye.

Nan aka ga sabon nau'in ƙungiya. A 1987 lauyoyi biyu, Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo, suka kafa CLO a Legas don kare haƙƙin ɗan Adam, suka fara da fursunonin da aka manta da su a kurkuku ba shari'a. Bayan 'yan shekaru aka samu gamayyar fafutukar dimokuraɗiyya ta CD ƙarƙashin Dokta Beko Ransome-Kuti. Da aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, su ne suka fito da mutane titi. A 1994 aka kafa NADECO. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A waɗannan shekaru Amurka ta daina bi ta hannun gwamnati, tallafinta ya koma bi ta ƙungiyoyi, gidauniyoyi irin su Ford da MacArthur su ma suna bayarwa.

Adalci shi ne mu faɗi cewa waɗannan mutane ba cin banza suka yi ba. An ɗaure Beko, an kashe Kudirat Abiola a 1996, wasu sun tsere ta kan iyaka. A garin nan, ranar 1 ga Mayun 1998, an yi zanga-zangar da aka rasa rayuka, aka kama Cif Bola Ige da Alhaji Lam Adesina, wanda bayan shekara guda ya zama gwamnan Oyo. Masu shekaru a cikinmu sun tuna yadda aka rufe shaguna a ranar. Kuɗin waje ya biya lauyoyi, ya buga rahotanni, ya sa duniya ta ji abin da ake ciki. A zaɓen 1999 gamayyar TMG ta baza dubban masu sa ido a rumfunan zaɓe da irin wannan tallafi. Wasu masana uku a Amurka, Finkel da abokan aikinsa biyu, sun duba ƙasashe 165 daga 1990 zuwa 2003, suka wallafa a 2007 cewa kuɗin da Amurka ta kashe kan dimokuraɗiyya ya yi tasiri, ko da yake ba mai yawa ba ne.

Gwamnati ma ta koyi dabarar. A 1993 wata ƙungiya mai suna ABN ta Arthur Nzeribe ce ta je kotu neman hana zaɓe. A 1998 wata mai suna YEAA ta tara mutane a Abuja suna roƙon Janar Abacha ya zarce. Abin bai mutu da mulkin soja ba. A 2021 wani mai bincike, Matthew Page, ya ƙirga ƙungiyoyi 360 a Najeriya waɗanda aikinsu yabon gwamnati da sukar masu sukarta. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Abin da aka gano a Kenya da Pakistan

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 kuɗi ya ƙara kwararowa, musamman kan cutar ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro da zaɓe da harkar mata. Kafa ƙungiya ya zama sana'a. Mutum zai yi rajista da hukumar CAC, ya kama ɗaki ɗaya, ya sa allo da kwamfuta, ya iya rubuta takardar neman tallafi da Turancin da masu bayarwa ke son ji. Bana ƙungiyarsa ta ƙanjamau ce, baɗi ta zaman lafiya, baɗin baɗaɗa ta sauyin yanayi, duk inda iskar kuɗi ta kaɗa. Taron bita a otal da kuɗin mota a ambulan suka zama ruwan dare. Sai masana suka fara tambaya: shin wannan kuɗin yana ƙarfafa haɗin kan jama'a, ko yana cinye shi? Bincike biyu sun isa misali.

Na farko a yammacin Kenya aka yi shi, a kan ƙungiyoyin matan karkara masu taimakon juna, irin adashinmu da gayyarmu. Mary Kay Gugerty da Michael Kremer, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2019, sun bi ƙungiyoyi 80. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan ta bai wa 40 daga ciki horo da kayan noma, iri da taki da kayan aiki, sauran 40 kuma suka jira. Ƙuri'a aka jefa wajen zaɓe, don kada a ce an fifita wasu. Sakamakon ya fito a 2008. Ba a ga wani ƙarfi na a zo a gani da ƙungiyoyin da aka tallafa suka ƙara ba. Abin da ya canja shi ne mutanen ciki. Masu ilimin boko da masu albashi suka shigo, maza da mata 'yan boko suka fara karɓe kujerun shugabanci, tsofaffin mata kuwa, waɗanda dama domin irinsu aka kafa ƙungiyar, suka riƙa fita. Ba wanda ya kore su da baki. Kuɗi ne ya shigo, wurin ya daina zama nasu.

Na biyu a Pakistan, ƙasar Musulmi mai al'adar sadaka da waƙafi kamar tamu. Farfesa Masooda Bano ta Jami'ar Oxford, wadda ta yi aiki a Kano ma kan makarantun allo da Islamiyya, ta duba ƙungiyoyi 40, wasu masu karɓar kuɗin waje, wasu masu rayuwa da gudummawar mutanen gida. Ta samu cewa masu kuɗin waje suna da ofis mai kyau da albashi mai tsoka, amma kusan ba su da mambobi ko masu aikin sa-kai. Masu dogaro da gida kuwa shugabanninsu na zaune cikin sauƙin rayuwa, mutane na ba su kuɗi da lokaci. Littafinta na 2012 ya bayyana dalili. Mai ba da sadaka ba ya iya bin kowane kwabo ya ga inda ya shiga, don haka shugaba yake kallo. In ya ga shugaba na sadaukar da nasa, sai ya saki jiki ya bayar. Ran da ya ga shugaba ya hau babbar mota da albashin dala, sai ya ce ashe an biya shi, to ya yi aikin shi kaɗai.

Ku haɗa wannan da maganar Ekeh. Kuɗin waje na iya ɗauke ƙungiya daga aljihun amana ya jefa ta aljihun ganima. Sannan ya juya fuskar shugaba. Da mambobi yake tsoro, yanzu mai binciken kuɗi daga Abuja ko Landan yake tsoro. Rahotonsa da Turanci yake, ga wanda bai taɓa taka unguwar ba, mu da aka karɓo kuɗin da sunanmu ba mu taɓa ganin takardar ba.

Inda tallafi ya yi rana

Duk da haka ba za mu ce kuɗin waje annoba ne ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke hanyar Oyo, kusa da Sasa, gidauniyoyin Ford da Rockefeller ne suka kafa ta a 1967, kuma irin rogo da masara da wake da ta fitar sun kai gonakin ƙauyukan da muka fito. Maganin ƙanjamau kyauta ya raya mutanen da da tuni an binne su.

Labarin shan inna ya fi kowanne darasi. A 2003 aka ƙaurace wa allurar rigakafi a Kano da wasu jihohin Arewa saboda rashin yarda. Kuɗi na nan, magani na nan, amma ƙofofin gidaje a rufe. Abin bai gyaru ba sai da aka koma wa sarakuna da malamai da masu unguwa, aka kuma sa mata 'yan unguwa su riƙa shiga gida-gida. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Dala ta sayo maganin, amma yardar da aka gina shekara da shekaru ce ta buɗe ƙofa. Haka ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko: ta yi aiki da masu tallafi na waje a kan ilimi da lafiya, amma tana da rassa da mambobi da makarantunta tun kafin su zo. Wanda ke da gindinsa, in an ba shi taki sai ya ƙara yabanya. Wanda ba shi da saiwa, ruwan farko zai tafi da shi.

Mu ma mun ga gwaji a kusa. A rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021, waɗanda suka rasa gida da shago sun fara samun mafaka ne a gidan Sarkin Sasa da gidajen 'yan'uwa, har da maƙwabta Yarbawa da suka ɓoye mutane, kafin tawagar gwamnonin Arewa ta iso. A daren farko babu wanda ya cika fom. Tsohuwar hanyar mai gida da baƙonsa ce ta yi aiki.

Abin da ya rage gare mu

Daga wannan tarihi muna ganin abubuwa kaɗan da ya kamata kowace ƙungiya a unguwar nan ta riƙe.

Na ɗaya, kada a daina karɓar kuɗin wata ko da an samu tallafin miliyoyi. Naira ɗari biyar ɗin da mamba ke bayarwa ita ce lasisinsa na tambaya. Ranar da aka ce ku bar shi, an samu mai biya, ranar ce aka saye bakin kowa.

Na biyu, a karɓi tallafi don abin da ake gani, a ƙirga, a gama: rijiyar burtsatse, ajujuwa, magani, injin niƙa. Amma haya da wuta da ɗan alawus na masu hidima su fito daga aljihunmu, daidai ƙarfinmu. In baƙo ya tafi, rijiya na nan, ƙungiya ma na nan.

Na uku, duk takardar da za a aika wa mai tallafi a fara karanta ta da Hausa a gaban mambobi, haka ma rahoton kuɗi, da rasit a hannu. Iyayenmu sun yi ciniki ba takarda saboda kowa ya san kowa. Yau unguwa ta cika ta batse, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba zargi ba ne, kariya ce ga ma'aji kansa.

Na huɗu, mu kula da kujeru. Muna buƙatar 'ya'yanmu 'yan boko, su suka iya rajista da lissafi da kwamfuta, kuma muna alfahari da su. Amma kada iya Turanci ya zama shi kaɗai ne sharaɗin shugabanci. A bar wa dattijo da gwauruwa da mai tura baro wurin zamansu da ƙuri'arsu, kada abin da ya faru da tsofaffin matan Kenya ya faru a zaurenmu.

Na biyar, a tambayi mai bayarwa abin da yake so a madadi, Bature ne ko Balarabe ko ɗan siyasar da ya tuna da mu saura wata uku zaɓe. Mu baƙi ne a garin mutane, zamanmu ya dogara da kyakkyawar mu'amala da masu gari. Kuɗin da zai sa mu zama 'yan amshin shatar wani, ko ya haɗa mu faɗa da maƙwabta, ko ya raba sahunmu a masallaci, ya fi ƙarfin aljihunmu komai yawansa.

Ga matasanmu masu sabbin ƙungiyoyi, ba muna kashe muku gwiwa ba ne. Ku fara da abin da za ku iya da hannunku: kwashe magudanar ruwa kafin damina, karatun dare ga yara, kai mara lafiya asibiti. Ku yi shekara biyu a haka mutane na gani. In tallafi ya zo bayan nan, zai tarar da ku a tsaye. In bai zo ba, ba ku yi asarar komai ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan unguwa, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya wadata mu da halal ɗinSa.